Masu Awon Ruwan Sama: Daga Fadar Koriya Zuwa Filin Makaranta

A farkon ƙarni na 15, idan aka yi ruwa a ƙasar Koriya, aikin hakiman larduna ne su sa a tona ƙasa a ga iya inda laima ta kai, sannan su aika wa fada da rahoto. Da rahoton nan ake kintatar yadda amfanin gona zai kasance, da shi kuma ake auna harajin da talakawa za su iya biya. Duk manomin ƙasar Hausa ya san wannan dabara, don har gobe da ita ake aiki. Gari na wayewa bayan ruwan dare, mutum zai saɓi fartanya ya nufi gona, ya sara ya cusa hannu, ya ga ko ruwan ya isa shuka ko kuwa ƙura kawai ya kwantar. Ga mai gona ɗaya dabarar ta wadatar. Ga mai riƙe da ƙasa guda kuwa akwai gyara, domin jigawa da laka ba sa shan ruwa iri ɗaya, kuma ƙasar da ta bushe ƙamas da wadda ta riga ta jiƙu ba za su ba da amsa ɗaya ba ko da ruwa ɗaya ne ya sauka a kansu.

Wanda abin ya fara damu shi ne yarima mai jiran gado, ɗan Sarki Sejong, wanda daga baya ya hau gadon mulki da sunan Munjong. Kundin tarihin fadar ya nuna cewa fari ya tayar masa da hankali, har shi ma yana sa a tona ƙasa bayan kowane ruwa. Da ya ga awon ba ya tsayawa kan magana ɗaya, sai ya sa aka ƙera masa wani mazubi na tagulla, ya ajiye a tsakar fada, yana auna zurfin ruwan da ya taru a ciki. A 1441 aka mayar da abin dokar ƙasa, a 1442 kuma aka tsayar da girmansa: tsawo wajen santimita 32, faɗin baki wajen santimita 15. Sunansa cheugugi.

Mazubin kansa ba wani abin mamaki ba ne, kowane maƙeri zai iya bugo irinsa. Tsarin da aka gina a kansa shi ne abin a yaba. An aika wa manyan larduna na ƙarfe, ƙananan hukumomi kuma aka ce su yi nasu da yumɓu ko tangaran, su yanko itace ko gora su yi abin awo, muddin girman ya zo daidai da na fada. Aka umarci kowane hakimi ya rubuta lokacin da ruwa ya sauko, da lokacin da ya ɗauke, da zurfin abin da ya taru. Wato tun ranar farko, yawancin ma'aunan ƙasar aikin hannu ne na gida. Yaƙe-yaƙen da suka fara da mamayar Japan a 1592 sun wargaza tsarin, sai a 1770 Sarki Yeongjo ya farfaɗo da shi, kuma daga nan birnin Seoul ya samu jerin awon ruwa da ya ɗore har farkon ƙarni na 20. Guda ɗaya tak ya rage daga tsofaffin ma'aunan, wanda aka ƙera a 1837 a garin Gongju. An tafi da shi Japan a zamanin mulkin mallaka, aka dawo da shi a 1971.

Turai ta makara da kusan shekara ɗari biyu. A 1639 wani malamin coci ɗan Italiya, Benedetto Castelli, almajirin Galileo, ya ajiye kofin gilashi a tsakar gida a Perugia don ya lissafa yawan ruwan da zai ƙaru a tafkin Trasimeno. A 1643 wani masani mai suna Torricelli ya cika bututun gilashi da zaiba ya kifa shi a kwano, ya nuna cewa iska tana da nauyi, kuma nauyin yana hawa yana sauka. A Ingila, Richard Towneley ya soma rubuta awon ruwa a gidansa a 1677, ya daɗe yana yi shekara da shekaru. Sai kuma wani likita, William Heberden, ya gano abin da ya rikita masana: ma'aunin da ya ɗora a kan rufin cocin Westminster yana tara ruwa ƙasa da wanda ke cikin lambu. An yi kusan ƙarni guda ana ce-ce-ku-ce kafin a tabbatar cewa iska ce ke kaɗa ɗigon ruwan ya tsallake bakin mazubin, kuma iska ta fi ƙarfi a sama. Ɗalibin da ya ɗora gorar awon ruwansa a kan rufin aji don kada awaki su ture ta, wannan tarkon zai faɗa.

Mutumin da ya mayar da awon ruwa aikin gayya shi ne George James Symons, haifaffen Landan a 1838. Ƙarshen shekarun 1850 sun zo wa Ingila da ƙarancin ruwa, birane suna ta girma, injiniyoyi suna son gina madatsun ruwa, amma babu wanda zai iya faɗin yawan ruwan da ke sauka a ƙasar. Symons yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya shiga rubuta wasiƙu yana roƙon duk mai ma'auni a gida ya aiko masa da alƙalumansa. Littafinsa na farko, na shekarar 1860, ya ƙunshi awo daga wurare 168. Lokacin da ya rasu a 1900, masu aiko masa sun kai wajen 3,500.

Su wane ne waɗannan mutane? Limaman coci na ƙauye, likitoci, malaman makaranta, masu kula da lambu, ma'aikatan gidan ruwa, mata da ke zaune a gidajensu. Ba albashi suke karɓa ba. Abin da Symons ya nema a wurinsu kaɗan ne amma mai tsanani: mazubi mai faɗin baki inci biyar, bakinsa ƙafa ɗaya daga ƙasa, nesa da bango da bishiya, a duba shi ƙarfe tara na kowace safiya, a rubuta ko da babu ko ɗigo. Shi da kansa yakan bi ƙauyuka yana duba ko mazubin ya karkace ko yana yoyo. Ranar da ba a yi ruwa ba ma labari ce a wurinsa, domin gurbin da aka bari babu rubutu ba ya nuna ko sama ce ta hana ko mai awo ne ya yi barci. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta karɓi ragamar aikin a 1919. Takardun kuwa suka yi ta kwana a ma'ajiya har watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, da Farfesa Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya nemi taimakon jama'a a intanet. Mutane wajen 16,000 suka zauna a gidajensu suka kwafe awo sama da miliyan biyar cikin kwana 16.

Awo daban, hasashe daban, amma a zamani ɗaya suka girma. A watan Oktoba na 1859 guguwa ta farfasa jirgin ruwan Royal Charter a gaɓar Wales, mutum wajen 450 suka halaka. Robert FitzRoy, tsohon matuƙin jirgin ruwa da ke shugabantar sashen yanayi na gwamnati, wanda Symons ya yi aiki a ƙarƙashinsa na ɗan lokaci, ya ga cewa in tashoshin bakin teku za su riƙa bugo masa awonsu ta tangaraho kowace safiya, zai iya ganin guguwa tun tana hanya. Ya raba wa ƙauyukan masunta ma'aunin nauyin iska, kuma ranar 1 ga Agusta, 1861, jaridar The Times ta buga hasashensa na farko ga jama'a. Ya sha suka da ba'a duk ranar da hasashen ya kuskure. Amma hanyar da ya shata ita ake bi har yau, a tattara abin da mutane da yawa suka auna a wurare da yawa a lokaci ɗaya, a ga inda iska ta dosa.

Da ma'aunin ya iso ƙasar Hausa a hannun Turawan mulki, bai tarar da mutane suna zaune cikin duhu ba. Malamai suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne da kwanakinsa, manoma suna tambaya ko Haƙa'a ta kama, ko an shiga Zira'a, ko ana cikin Nasara da Ɗarfa inda ruwa ke yin marka. Dawowar shamuwa tana sanar da ƙaratowar damina. Gawo yana zubar da ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke tofo. Kowa ya san hadarin da ke zubar da ruwa daga gabas yake tasowa, kuma wanda ya yi binne ya san cacar da ya shiga. Ilimi ne na gaske da aka tara da ido da ƙwaƙwalwa. Abin da ba shi da shi shi ne adadi, irin wanda jika zai ɗauko ya kwatanta da na zamanin kakansa ba tare da an yi musu ba.

Tun wajen 1905 ake rubuta awon ruwa a Kano da Yamai da Damagaram. Saboda haka farin 1913, wanda ya jawo yunwar da ake kira Kakalaba, yana cikin bakin tsofaffi, yana kuma cikin littafin awo. Masu duba mazubin nan kowace safiya yawancinsu ƙananan ma'aikata ne 'yan ƙasa, akawuna da malaman gona da ma'aikatan filin jirgi, waɗanda tarihi bai damu da riƙe sunayensu ba. Ya kamata a san irin nauyin da rubutunsu ya ɗauka daga baya.

Da farin 1968 zuwa 1973 ya cinye dabbobi da gonaki daga Senegal har Chadi, sannan na 1983 da 1984 ya biyo baya, duniya ta shiga neman mai laifi. A 1975 wani babban masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan ciyawa ta ƙare ƙasa ta yi fari, takan mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya danne hadari. Da yawa suka ɗauki wannan suka ɗora wa makiyayi da mai saran itace alhakin farin baki ɗaya. Amma da masana irin su Sharon Nicholson da Peter Lamb suka harhaɗa awon ɗaruruwan tashoshi na tsawon shekaru, sai aka ga yankin gaba ɗaya yana jiƙa tare yana bushewa tare, shekarun 1950 da ruwa mai yawa, shekarun 1970 da 1980 da ƙaranci. Abin da ke juya yanki mai faɗin haka lokaci guda ya fi ƙarfin garken shanu. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna alaƙar ruwan Sahel da ɗumin tekunan duniya, a 2003 kuma binciken Alessandra Giannini ya ƙarfafa wannan. Sare daji yana da illarsa, babu mai musu, amma babban zargin ya sauka daga kan talaka, kuma da rubutun waɗancan akawuna aka sauke shi.

Farin ya haifar da cibiyoyi. An kafa AGRHYMET a Yamai a 1974 don horar da masu awon yanayi da ruwa na ƙasashen Sahel. A farkon shekarun 1990 kuma aka jera ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai a wani bincike mai suna EPSAT-Niger, aka tabbatar da alƙaluma abin da manomi ya daɗe yana faɗa, cewa ƙauyuka biyu da tafiyar ƙafa ta raba suna iya ƙare damina ɗaya da cikakken rumbu, ɗaya da hannu a ka. Ma'anar wannan ita ce ma'aunin filin jirgin Kano ba zai iya magana da yawun manomin Ɓagwai ko na Ɗambatta ba. Ga shi kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Tauraron ɗan'adam yana hango gajimare daga sama, amma sai an gwada lissafinsa da abin da ya taru a mazubi kafin a yarda da shi.

Mali ce ta fara ɗaukar matakin da ya dace. A 1982 hukumar yanayinta, da tallafin Suwizalan, ta soma ba manoma ma'aunin ruwa su kafa a gonakinsu, tare da jadawalin da ke nuna musu cewa in an kai rana kaza kuma ruwan da ya taru ya kai milimita kaza, shuka ta yi. Da manoma 16 aka fara. Duk kwana goma masana sukan zauna su duba awon da aka aiko, rediyo ya watsa shawara. Manomin da ke tona ƙasa da fartanya bai daina ba, sai dai yanzu yana da shaida ta biyu.

Shigowar ɗalibai cikin harkar ta zo ta ƙofofi da dama. Shirin GLOBE, wanda aka ƙaddamar a Amurka a 1995, ya sa yaran makaranta a ƙasashe sama da ɗari suna auna ruwa da zafi da gajimare bisa ƙa'ida ɗaya, suna zuba sakamakon a rumbun da masana ke ɗiba. A garin Fort Collins na jihar Colorado kuwa ambaliya ce ta tilasta. Ranar 28 ga Yuli, 1997, ruwa ya ɓarke a yammacin garin, sama da milimita 350 cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, fiye da rabin abin da Yamai ke samu a shekara, alhali gabashin garin bai samu ko kusa da haka ba. Mutum biyar suka mutu, kuma ma'aunan hukuma ba su nuna girman abin ba. A shekarar da ta biyo, mataimakin masanin yanayin jihar Nolan Doesken ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta CoCoRaHS, 'yan sakandare suna cikin waɗanda suka taya shi tun farko. Har abin awon ƙanƙara suka riƙa haɗawa da hannu: farin soso mai tauri irin wanda ake kare kayan lantarki da shi a kwali, a lulluɓe shi da takardar alminiyam, a ajiye a waje, kowace ƙanƙara ta bar rami daidai girmanta. A Afirka, shirin TAHMO da Nick van de Giesen na Jami'ar Delft da John Selker na Jami'ar Jihar Oregon suka assasa yana da burin kafa tashoshi 20,000, kuma ya zaɓi harabar makarantu don akwai shinge, akwai malami, akwai yaran da za su yi darasi da alƙaluman.

To me ɗalibi zai iya haɗawa da abin da ke hannunsa? Mafi amfani shi ne mafi sauƙi. Gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke wuyanta a kifa shi ciki ya zama mazurari, a zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, a cika da ruwa zuwa inda jikin ya daidaita, a manna rula daga nan. Milimita ɗaya a cikinta na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Yaron da ya yi wannan lissafin da kansa ya daina jin sanarwar rediyo kamar baƙon yare. Sai na'urar gudun iska mai kofi huɗu a kan sanda, wadda Thomas Romney Robinson ya ƙirƙiro a Armagh a 1846, kuma gwangwanayen madara suna iya yin aikin. Farin akwatin katako mai tagogin iska da ake gani a filayen jirgi da wasu tsofaffin makarantu, wanda injiniya Thomas Stevenson ya tsara a 1864 don kare ma'aunin zafi daga rana, kowane kafinta a gari zai iya yin sa.

Akwai wanda littattafan ƙasashen sanyi suke ɗaukaka amma ba ya aiki sosai a nan. Kwalbar da ake ɗaure wa balan-balan a baki a manna tsinke don ta nuna nauyin iska tana burge yara, sai dai a yankin zafi nauyin iska ba ya wani canjawa daga rana zuwa rana. Yana ɗan hawa wajen ƙarfe goma na safe da na dare, ya ɗan sauka wajen ƙarfe huɗu, kullum haka. Abin da ke motsa tsinken a ajin Kano ko Maraɗi galibi zafin ɗakin ne. Malamin da ya san aikinsa zai bar yaran su gano haka da kansu, sannan ya juya su ga abubuwa biyun da ke riƙe da damina a wannan yanki, wato inda iska ta fito da kuma laimar da ta ɗauko. Tsumma a kan dogon sanda ya isa ya nuna ranar da busasshiyar iskar arewa maso gabas ta ja baya, ta kudu maso yamma mai ɗauke da danshin teku ta karɓi fili. Laima kuma ana auna ta da ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe masa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai. Yadda randa ke sanyaya ruwa ƙwarai a lokacin hunturu amma ta yi kasala a tsakiyar damina, haka mai ƙyallen yake yi: in tazararsu tana da yawa iska a bushe take, in tazarar ta soma tsukewa a watan Afrilu ko Mayu, danshi ya iso. Ɗalibin da ya haɗa waɗannan biyun da kallon gabas da la'asar ya fara hasashe na gaskiya, kuma zai iya ɗaukar hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, ya gwada shi da abin da ya sauka a filin makarantarsu.

Babban cikas ɗin yana cikin kalandar makaranta. A Najeriya ana tafiya dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a Nijar ma hutun ya fi haka tsawo, alhali Agusta shi ne watan da ya fi kowane ruwa a duk faɗin yankin. Gorar da aka kafa da murna a zangon ƙarshe takan cika ta tumbatsa, rana ta shanye, sauro ya yi ƙwai a ciki, littafin kuma ya tashi babu komai a makonnin da suka fi muhimmanci. Makarantar da take son awonta ya shiga lissafi sai ta tsara wannan tun kafin a rufe, ta raba kwanakin hutun tsakanin yaran da gidajensu ke kusa, ta koya wa maigadi karanta rula, ta ajiye littafin a hannun malamin da ke zaune a cikin gari, a riƙa dubawa a sa'a ɗaya kowace safiya har a koma aji.